Ranar da Na Ɗauke Kaskon Kawuna

Shekarun baya, ina shekarata ta ƙarshe a jami'a a Lyon, na yi wa kawuna abin da ko a mafarki ban zaci zan iya ba. Waɗanda suka san ni a nan za su yi dariya, don ni mutum ne da ko lokaci aka tambaye ni sai na sake duba agogo, sannan in ce ina jin ƙarfe uku ne. Abokina ɗan Cadi da muke haya tare a unguwar Minguettes shi ya laƙaba mini Malam Wataƙila, sunan kuma ya bi ni har yau. Ban taɓa jin haushinsa ba, don bai yi mini ƙarya ba.

Abin da na karanta shi ne yadda ake ɗumama gidaje da zafin da ke cikin ƙasa. Mahaifiyata in an tambaye ta me ɗanta yake yi a Faransa, sai ta ce ginin rijiya yake koyo, kuma ba ta yi nisa da gaskiya ba. A ƙarƙashin Paris da kewayenta, in aka haƙa kusan kilomita biyu, akwai ruwa mai zafi, mai gishiri, kwance a cikin dutse. Ana haƙa rijiya biyu. Ta ɗaya ake jawo ruwan, a bi da shi ta jikin wasu farantai na ƙarfe, zafinsa ya ratsa ƙarfen ya kama wani ruwan daban da ke ɗaya gefen. Wannan na biyun shi ke zagayawa cikin gidaje. Na farkon kuwa ta rijiya ta biyu ake mayar da shi inda aka ɗauko shi, ya sake ɗaukar zafi. Ba hayaƙi, ba jiran jirgin gas daga wata ƙasa, kuma in ba a yi wa wurin haɗama ba, zafin yana daɗewa ƙwarai. Kun ga ko a nan sai da na sa "in ba".

Kawun nawa ƙanen mahaifiyata ne. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko. Yana da shago a unguwar Belleville cikin Paris, yana sayar da atamfa da shadda da turaren wuta da kaskon turare, da gawayi a ƙananan buhuna don masu dafa shayi. Gidansa kuma yana wata unguwa ta dogayen benaye a gefen Paris, shi da matarsa da muke kira Tanti, da ƴaƴansu uku. A shekarar da nake ba ku labari aka cire tsohuwar tukunyar gas ta unguwar tasu, aka haɗa benayen da irin wannan rijiya.

Da na je gaishe shi kafin sanyi ya kankama, bayan mun ci abinci sai ya ce in matso. Ya ce tunda ni na karanta abin, in faɗa masa gaskiya: wannan ruwan na ƙarƙashin ƙasa, yana shigowa gidansa ko ba ya shigowa?

Da a'a kawai na ce, da ba ku karanta wannan labari ba. Amma sai na ɗauki tambayar kamar ta jarabawa. Na ce a ƙa'ida ba ya shigowa, don akwai ƙarfe tsakani. Na ce sai dai ƙarfe yana iya tsufa, gishiri yana iya cinsa, ko da yake ana dubawa a kai a kai, kuma ko an sami ɓula akwai matakan da ake ɗauka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Wato zai iya." Na ce ai ba a cewa abu ba zai taɓa yiwuwa ba, Kawu. Ya gyaɗa kai. Na koma Lyon ina jin daɗin kaina, wai na faɗi gaskiya ba ragi ba ƙari.

Abin da ban sani ba shi ne maganar ta riga ta yi nisa a tsakanin ƴan garinmu. Akwai wani dattijo, Alhaji kawai kowa ke ce masa, babban ɗan kasuwa ne daga wajen Tawa. Kusan duk wanda ya zo Paris daga yankinmu ya taɓa kwana a ƙarƙashin inuwarsa, kuma in an yi rasuwa shi ke tsayawa har a kai gawa gida. Ba mugu ba ne, ina so a fahimci wannan. Shi ya ce musu zafin da ke can ƙarƙashin ƙasa kowa ya san na mene ne, kuma musulmi bai kamata ya shimfiɗa dardumarsa a ɗakin da hucin wutar jahannama ke ɗumamawa ba. Da Kawu ya kai masa amsata, sai ta zama hujja: ai ko yaron da ya karanta ya ce ba shi da tabbas.

Kawu ya murɗe duk ƙarafunan ɗumama ɗaki, waɗanda muke ce wa shofaj, ya rufe su gam. Ya ɗauko babban kasko daga shagonsa da buhun gawayi. Ƴan ramukan shan iska da ke saman tagogi kuma ya toshe su da tsumma, don sanyi na shigowa ta nan.

Ni duk ban ji wannan ba sai tsakiyar sanyi, wata Asabar da safe, da Tanti ta kira ni. Gaisuwar ma a gajarce ta yi ta. Ta ce ta san ni ba likita ba ne, amma kwana biyu yara na tashi da ciwon kai, ita ma jiri take gani, ƙaramar ta yi amai kuma barci kawai take son yi. Na tambaye ta ko sun ci wani abu. Ta ce a'a, sai dai ko hayaƙin kaskon ne, amma ai ba ya hayaƙi, gawayi mai kyau ne. Na ce wane kasko.

Ta yi mini bayanin duk abin da Kawu ya yi. Gawayi in ya ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska marar wari, marar launi, wadda barci kawai take sa mutum, wani barcin kuma ba a tashi. A gida ɗakin kakarmu da kasko ake kwana duk ɗari, ba abin da ke faruwa, amma ɗakin kakarmu ta ƙasan ƙofarsa kaza na iya shiga, rufin ma yana numfashi. Gidajen nan kuwa kamar kwalba suke in an rufe. Na ce ta buɗe tagogi yanzu, ta kashe wutar, ta kai yaran likita. Ta ce taga za ta buɗe ta ɗakin yara, amma wuta maigida ya hana a taɓa, ga shi yau taron wata na ƴan garinmu a gidansu za a yi, da kaskon za a dafa shayi. Likita kuwa tsoro take ji, kada a ce sun cutar da yara a ƙwace su. Wannan tsoron duk iyayenmu a nan suna da shi.

Na ajiye waya na fara zagaye ɗaki. Na ce wa abokina wataƙila in kira Kawu in lallashe shi, ko wataƙila in sami wani malami ya yi masa magana, ko in rubuta masa saƙo mai ladabi. Yana kwance yana kallona. Ya ce, "Kai ko burodi za ka saya sai ka yi istihara. Sa takalminka." Shi ya raka ni tasha, ya tsaya har jirgin ƙasa ya tashi, ina jin don kada in sauko ne.

A hanya na shirya jawabi mai kyau. Ya fara da "in ba damuwa", ya bi ta kan girman Kawu da alherin Alhaji, sai can kusa da ƙarshe ya taɓo gawayi. Na maimaita shi har muka shiga Paris.

Na isa bayan azahar. Falo cike da dattawa, tagogi a rufe, labule a sauke, kasko a tsakiya da butar shayi a kai. Na durƙusa na gaishe su ɗaya bayan ɗaya, aka tambayi karatu da sanyi da mutanen Lyon. Alhaji ya ce, "A'a, ga mai ginin rijiyar Nasara," aka yi dariya, ni ma na yi. Na zauna bakin ƙofa inda yara ke zama. Wani tsoho yana gyangyaɗi ana tsakiyar magana. Wani yana murza goshi yana cewa sanyin bana ciwon kai yake sa mutane. Ina ta neman inda zan saka "in ba damuwa" ɗina, ban samu ba.

Sai na waiga cikin lungun da ke zuwa ɗakuna. Tanti na zaune a ƙasa, ƙaramar tana kan cinyarta, ido rabi a buɗe, ko motsi ba ta yi. Yarinyar da in na zo sai ta hau wuyana tana laluben aljihuna.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na sauke butar shayin na ajiye a kan tire, na naɗe hannuna da rigar sanyi, na ɗaga kaskon na ratsa tsakanin ƙafafun dattawa na fita da shi baranda. Na dawo na ɗauki butar alwala na juye masa. Na buɗe tagogin falo duka, na zare tsummokaran da ke cikin ramuka, sannan na durƙusa na murɗe shofaj ɗin har ƙarshe. A cikin shirun da aka yi har ƙarar ruwa ana ji yana shiga bututu.

Kawu ya ce, "Rufe tagar nan."

Na ce, "Ba zan rufe ba, Kawu."

Tunda nake ban taɓa ce wa babba haka ba. Kada wani ya zaci jarumi ne ya tsaya a wurin.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaro, ba kai ka faɗa da bakinka cewa ba ka da tabbas ba?"

Na ce, "Na faɗa, Alhaji. Wancan shakkar masu aiki ce, ta yadda za a kula da ƙarfe. Wannan kaskon kuwa ba ni da wataƙila a kansa. In ya ci gaba da kwana a gidan nan, kashe yaran nan zai yi."

Ya ce rai a hannun Allah yake, kuma gara sanyin duniya da ɗumin da ba a san asalinsa ba. A nan ne na yi abin da har yau in na tuna sai na rufe ido. Duk wanda ya taɓa zama da Alhaji ya ji labarin gwiwoyinsa: yadda suka kusa kwantar da shi, yadda aka kai shi Tafadek can bayan Agadas, ya yi kwanaki yana shiga ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, ya dawo yana tafiya ba sanda. Na ce, "Alhaji, ruwan Tafadek da ya warkar maka da gwiwa, wa ya hura masa wuta?"

Wani ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya a ciki. Alhaji ya dube ni. Sannan ya ce, "Wancan Allah ne ya fito da shi da kansa. Wannan ku kuka bi shi har inda aka ɓoye shi."

Na duba cikin kaina, duk karatun nan ba abin da ya fito. Na ce, "Ban san amsar wannan ba, Alhaji, ni ba malami ba ne. Amma kaskon ba zai dawo ɗakin nan ba."

Kawu ya miƙe. Ya ce shi ya tarbe ni a ƙasar nan, a gidansa na fara cin abinci, yau kuma a gaban iyayena na tsinka shi. Ya ce in fita, kada ya sake ganin ƙafata. Na ce zan fita, amma da yaran zan fita, likita za mu. Ya juya zai yi wa Tanti magana, sai ya gan ta tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta sa wa yara rigunan sanyi, ƙaramar a goye. Ba ta dube shi ba. Ta ce, "Maigida, sai mun dawo." Bai ce a je ba, bai ce kada a je ba. Na koma baranda na juye jiƙaƙƙen gawayin a bokiti, na sa kaskon cikin jakar cefanen Tanti, na bi bayansu.

A likita an gwada su, an sami iskar a jininsu duka. Ƙaramar sai da aka sa mata abin numfashi, ta kwana a can. Ba wanda ya ƙwace yaran kowa. Tambayoyi aka yi, aka yi faɗa kaɗan, aka ce duk wanda ya zauna a falon nan ya zo a duba shi. Daga baya na ji biyu daga cikin dattawan sun je a ɓoye, kowa yana zaton shi kaɗai ne, suka haɗu a ɗakin jira. Ni kuma washegari na koma Lyon da kasko a tsakanin ƙafafuna, baƙin ruwa na ɗiga a kan wandona, wata tsohuwa Bafaranshiya tana ta kallon jakar.

Labari ya riga ni isa gida. Mahaifiyata ta kira, ta ce ta ji abin da na yi, in koma in durƙusa in ba ƙanenta haƙuri, yaro ba ya gyara wa babba zama a gaban baƙi. Na ce zan ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, zan kuma ba Alhaji haƙuri a kan gwiwoyinsa da na kawo cikin magana. Amma a kan kasko ba zan ba kowa haƙuri ba, kuma in na ji an sake hura wani, da kaina zan kira ƴan kwana-kwana. Sai ta ce, "Ashe kana da baki."

Tanti ce ta ba ni labarin sauran. Wai a ranar mahaifiyata ta kira Kawu, ba ta yi masa maganar wuta ko aljanna ba. Ta tuna masa lokacin da yake ƙarami, in ɗari ya yi ba ya yarda a wanke shi da ruwan randa, kuka yake har sai ta je ta jawo masa na rijiya da sassafe, don shi da ɗuminsa yake fitowa. Ta ce rijiyar nan mahaifinsu ne ya gina ta da hannunsa, shi ma bin ruwan ya yi har inda aka ɓoye shi, to shi ma laifi ya yi? Da Tanti ta faɗa mini haka, bakina ya buɗe zan ce a ilimance ba daidai abu ɗaya ba ne, ɗumin rijiyar gida mafi yawansa na rana ne da ƙasa ta riƙe. Sai na rufe shi. Ina jin wannan ne abu mafi wayo da na yi a duk shekarar.

Kawu bai taɓa cewa na yi daidai ba, kuma ban jira ya faɗa ba. Shofaj ɗin da na murɗe dai ba wanda ya sake rufe shi. In baƙi suka ce gidansa da ɗumi, sai ya ce ai na maƙwabtan ƙasa ne ke hawowa ta daɓe. Na je na ba da haƙurin da na yi alkawari, iyakarsa kuma ban ƙara ko kalma ba. Ya karɓa da ka, bai sake yi mini magana sosai ba sai da babbar salla. Alhaji kuwa har yanzu ra'ayinsa bai canza ba, da wutar lantarki yake ɗumama gidansa, kuma wannan ruwansa ne. In mun haɗu sai ya ce, "Mai rijiya, ya gwiwar taka?" In ce da sauƙi, Alhaji.

Yau a irin wannan aikin nake, kuma ban daina cewa wataƙila ba. A wajen haƙa ma ita ake so, don wanda ya ce ya san abin da ke ƙarƙashin ƙasa tabbas, shi ne abin tsoro. Abin da na gane shi ne shakka kaya ce mai nauyi, ba kowa ake ɗora wa ba tare da an faɗa masa nauyinta ba. Na ba Kawu ƴar shakkar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ya auna ta da buhu. Kuma akwai wurin da ladabi ke ƙarewa. Ban san daidai inda iyakar take ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma na san yarinya mai ido rabi a buɗe tana can bayan iyakar. Wanda ya ga rashin kunya na yi, yana da damar ganinsa. Da za a mayar da ni falon nan, taga zan fara buɗewa kafin gaisuwa.

Bara Kawu ya zo Lyon ɗaurin auren ɗan wani abokinsa, ya sauka a wurina. Da safe yana zagaya ɗaki da kofin shayi sai ya tsaya a bakin taga. Kaskon yana nan, na cika shi da ƙasa na shuka na'ana'a a ciki.

Ya ce, "Wannan ba kaskona ba ne?"

Na ce shi ne.

Ya ce, "To yaushe za ka maido mini?"

Na ce, "Ba zan maido ba, Kawu."

Ya tsaya kamar yana jiran sauran maganar, irin wadda ya saba ji daga bakina. Ba ta zo ba. Sai ya miƙa hannu ya tsinki ganye biyu, ya jefa a cikin shayinsa.